Farar Ƙasar Da Na Shafa A Ɗakin Inna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Na manta fuskokin wasu da muka zauna aji ɗaya, na manta sunayen wasu gungunan da ruwa ya shanye, har hanyar tsohuwar gonarmu sai na yi dogon tunani nake iya zana ta a zuciyata. Amma akwai damina ɗaya da ta ƙi barina, kuma na san tana tare da ni har ranar da za a mayar da ni ƙasa. Ita ce damina ta biyu bayan an tashe mu daga gungunmu, lokacin da aka datse Kwara a Kainji ruwa ya hau. Ina rubuta wannan ne ba don a tausaya mini ba. Laifin nawa ne, kuma na daɗe da daina neman wanda zan raba shi da shi.

Mu mutanen tsibiri ne, manoman albasa. Mahaifina ya rasu tun kafin zancen madatsar ruwa ya taso, ƙanwata kuma tana aure a wajen Ngaski. Saboda haka da aka kwashe mu zuwa sabon garin da aka gina mana a tudu, ni da Inna kawai muka shiga gidan. Matan da Inna ta girma da su, waɗanda suke daka tare suke wanki tare, an rarraba su wasu garuruwan. Maƙwabtanmu na hagu da dama mutanen wani gungu ne daban, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Inna ta zama mai zaman ɗaki, ita da a da ba a samunta a gida sai rana ta faɗi.

Gidan na bulon siminti ne, rufinsa a lanƙwashe kamar an kife kwalekwale. A saman bango akwai 'yan ƙofofin iska guda uku a kowane ɗaki. Ni kuwa gidan ya shiga raina ƙwarai. Na yi elementare shekara huɗu, ina iya karanta takarda, don haka duk baƙon da ya zo duba sabon gari ni ake kira in yi masa jagora, kuma gidanmu nake fara kai shi. Ina son a ce gidan ɗan boko ya fi na kowa tsabta. Wannan son a yaba shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Abu na farko da na yi shi ne hana Inna hura wuta a ɗaki. A tsohon ɗakinta na gungu, na laka da jinka, kullum akwai garwashi a gefen gado. Hayaƙin yakan bi ta cikin ciyawa ya fita, ɗakin kuma a bushe yake ko da ana kwana uku ana ruwa. Ban taɓa tunanin wutar nan tana wani aiki ba bayan ɗumi. Na ce mata hayaƙi zai ɓata farin bango. Ta kwashe duwatsun murhunta ta fitar waje.

Na biyu kuwa albasa ce. A gungu, idan mun cire albasa da bazara, a rudu muke ajiye ta, wato wani dakali na itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa, a yi masa rufin ciyawa, iska tana ratsa shi ta ko'ina. A sabon gari na ga ban san halin mutane ba, ina tsoron ɓarayi, ga kuma ƙyuya, in faɗi gaskiya. Sai na zuba albasar a buhuna na jera su a ɗakin Inna, jingine da bangon baya, don ɗakinta ya fi nawa girma. Da na ga ɓera yana shigowa ta ƙofofin iska, ga feshin ruwa idan an yi iska, sai na kwaɓa laka na toshe su duka ukun. A bayan ɗakin kuma na tara ƙasar da nake niyyar yin garken awaki da ita. Ƙasar nan ta tare ruwan da ke gangarowa daga rufi, ya rinƙa kwanciya a gindin bango. Duk da hannuna na yi waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ina ganin dabara ce.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani. Ni ɗan fari ne, kuma Inna tana yi mini kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ba ta roƙona komai kai tsaye. In tana son in san wani abu, sai ta faɗa wa iska, ko ta faɗa wa kazarta, a inda ta san ina ji. Ni ma na saba, ina ɗauka ina aikatawa. Amma irin wannan magana tana da wata ƙofa: in mutum bai so ji ba, yana iya yin kamar ba da shi ake ba. Ta wannan ƙofar na bi.

Da ruwa ya kankama, wata safiya ina wasa lauje a tsakar gida, Inna ta fito tana watsa wa kaji tsaba. Sai ta ce da kazar, "Ke dai kin huta, kina kwana inda iska ke wucewa. Wanga ɗaki nauyi garai, kamar an aza wa mutum dutse ga ƙirji."

Na ji sarai. Na ci gaba da wasa laujena.

Bayan kwanaki tari ya kama ta. Da farko na asuba ne kawai, daga baya ya zama na yini. Idanunta suka yi ja suna ruwa, hancinta kullum a toshe, in ta yi numfashi ana jin wani siririn fito a ƙirjinta. Na ce sanyin tafki ne, don kowa a garin abin da yake cewa ke nan game da kowace cuta. Na sayo mata citta da kanumfari, na samo mata bargo, na kuma ce ta rinƙa rufe ƙofa kada iska ta buge ta. Wato na ƙara kulle ta da abin da ke cinta.

Ranar da na shiga juya buhunan albasa na ga abin da ke faruwa da idona. Bangon baya, daga ƙasa har kusan ƙugun mutum, ya yi baƙi ƙirin, da ɗigo-ɗigon kore da toka-toka kamar gashin ƙyanƙyasar tsuntsu. Funfuna ce, wadda mu a nan muke kira hunhuna. Buhunan ƙasa sun jiƙe, albasar ciki ta fara narkewa, baƙin gari ya cika tsakanin ɓawonta. Wari ya daki hancina har na yi atishawa sau uku. Kuma abin da ya zo mini a rai, Allah Ya yafe mini, albasata ce. Na zaɓe ruɓaɓɓun na zubar, na mayar da sauran inda suke. Shimfiɗar Inna tana taku biyu daga wurin, ban ko ɗaga tabarmar na duba ba.

Ana nan sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa jibi duba-gari zai zo. A wancan zamanin ba wanda ake tsoro kamarsa. Yakan zo a kan keke da kakinsa, da dogon ludayi yana leƙa randunan ruwa, yana duba masai da kwata, wanda ya kama da ƙazanta kuwa sai ya tsaya gaban alƙali, gari duka ya ji. Kowa ya san abin da ake yi in an ji zuwansa: a share, a wanke randa, a ɓoye abin da ba a son ya gani. Ni abin da ya tsaya mini shi ne a ce gidan da nake kai baƙi shi aka kama.

Na kwashe buhunan na kai gona na rufa musu ciyawa. Na jiƙa farar ƙasa mai kauri na shafe bangon nan, shafi biyu, a kan hunhunar, ban kankare komai ba. Da safen ranar na turara ɗakin da turaren wuta har warin ya ɓuya. Sa'an nan na tsaya a bakin ƙofa, na juya baya, na ce kamar da bango nake, "Yau dai in baƙo ya shigo, da an daure da tarin nan, kada ya ce akwai cuta a gidan."

Duba-garin dattijo ne siriri, mai furfura a gemu, mai son barkwanci. Ya leƙa randa, ya zagaya, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya yi sallama.

"Inna, mun same ku lafiya? Yaya baƙunta a sabon gari?"

"Lafiya lau, ɗana. Mun gode Allah."

Tana zaune a bakin shimfiɗa, ta danne bakinta da gefen mayafi. Ina kallon kafaɗunta suna rawa, jijiyoyin wuyanta sun tashi, hawaye na zubo mata saboda tarin da take riƙewa. Ba ta bari ko ɗaya ya fito ba. Dattijon ya ɗauka kunya ce irin ta tsofaffi, bai shiga ba. Ya dubi farin bango daga nesa ya ce, "Kai, ɗan boko, wanga ɗaki ai ko amarya sai haka. Ku zo ku ga yadda ake riƙon uwa!" Maƙwabta suna jin sa ta kan katanga. Na ji daɗi har cikin raina. Kekensa bai gama fita unguwa ba Inna ta fashe da tari, ta yi ta yi har ta dafa ƙasa. Da la'asar na dawo da buhunan albasa ɗakin.

Sati uku aka yi. Farar ƙasar ta fara kumbura tana zubowa, baƙin ya huda ta ya fito, ya ma fi na farko yawa. Wata ranar Laraba na dawo daga gona da azahar, na ga kaji a ƙofar ɗaki ba a ba su komai ba, murhu ba wuta. Na yi sallama ba a amsa ba. Na tura ƙofa na same ta a durƙushe, ta dafa ƙasa da hannu biyu, bakinta a buɗe tana jan iska iskar ba ta shiga, leɓɓanta sun canza launi. Ban san lokacin da na goya ta ba. Tun ina yaro ban taɓa jikinta ba sai ran nan, kuma na ji ba ta fi nauyin damin kara ba. Wani mai jirgin ruwa ya taimake ni muka kai ta asibiti a Yelwa.

Aka yi mata allura, aka kwantar da ita kusa da taga. Kafin kwana biyu numfashinta ya fara daidaita. Malamin asibitin ya ce fuka ce ta kama ta da ƙarfi, ya tambaye ni ko ta taɓa yi a da. Na ce ko sau ɗaya. Ya ce to a ina take kwana, akwai laima a ɗakin? Na ce ɗakin siminti ne sabo, duba-gari ma ya yaba. Ban san cewa duba-garin yakan biyo ta asibitin ba, kuma malamin zai tambaye shi.

Ran da na koma gida ɗauko wa Inna kaya, na tarar da kekensa jingine a ƙofarmu. Wannan karon ba barkwanci. Ya ce in buɗe ɗakin. Ya shiga har ciki, ya tsaya ya ja numfashi, ya dube ni. Ya zaro 'yar wuƙa ya kankari bangon, farar ƙasa ta zubo, baƙi ya bayyana a ƙarƙashinta. Ya dafa bangon da tafin hannu ya nuna mini danshin. Ya ɗaga tabarmar Inna. Bayanta ya yi kore shar, katifar rimin da ke kai ta yi baƙi ta ƙasa, har matashin da take ɗora kai. Ya ɗaga ido ya ga lakar da na toshe ƙofofin iska da ita. Ya fita ya zagaya baya ya ga ruwan da ke kwance a gindin bango.

"Wa ya shafa farar ƙasa?"

"Ni ne."

"Ka ga abin da ke ƙasa kafin ka shafa?"

Na durƙusa na fara tattara farar ƙasar da ta zubo.

"Malam, tambayarka nike. Ka gani?"

"Na gani."

Na zaci zai rubuta ni. Sai ya nuna shimfiɗar ya ce, "Kwanta nan."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Kwanta inda take aza kai. Ni zan ja ƙofa, in na kira ka ka fito."

Na kwanta. Ya rufe ƙofa, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. A tsaye warin yana da sauƙi, ashe a ƙasa yake taruwa. Sanyin siminti ya ratso tabarma ya shiga haƙarƙarina. Maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, idona ya fara yaji, na ji ƙirjina yana matsewa. Ba motsin kowa, ba muryar kowa, sai ɗigar ruwa a bayan bango. A nan Inna take yini, a nan take kwana, wata da watanni, ba mai shigowa ya ce mata sannu. Ban kai minti goma ba na fara tari, na tashi na buga ƙofa da kaina.

Ya buɗe ya ce, "Kai da ƙuruciyarka ke nan."

Muka zauna a gindin katanga ya yi mini bayani, a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce hunhuna aba ce mai rai, tana tsirowa duk inda laima ta zauna iska ba ta wucewa, tana kuma sakin wani gari da ido ba ya gani, shi mutum ke shaƙa. Mai ƙarfi yana iya tsira da atishawa, tsoho da jariri kuwa ƙirji take kamawa. Ya ce shafa mata farar ƙasa kamar rufa wa miki zane ne. Sai an fara gano ta inda ruwa ke zuwa an tare shi, in ba haka ba ko sau goma aka wanke za ta dawo. Da zai tafi ya ce, "Ba ni kai ka gaban alƙali. Ni ma da laifina, da na tsaya bakin ƙofa turare ya ruɗe ni. Amma tsohuwar nan ba ta komawa ɗakin ga sai na zo na shaƙa da hancina."

Na yi duk abin da ya ce, ni kaɗai, don kunya ba ta bar ni in nemi taimakon kowa ba. Na kwashe tulin ƙasar baya, na haƙa magudana ruwa ya samu hanya. Na hau rufi na liƙe wata tsaga da ban taɓa lura da ita ba. Na fasa lakar ƙofofin iska. Na ɗaure hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle na kankare bangon har sai da bulo ya fito, na wanke da ruwan zafi da sabulu, na kwashe abin da ya zubo na binne nesa da gida. Albasar duka na zubar. Tabarma da katifa da matashi na ƙone su a bayan gari. Akwai wani tsohon zanen saƙi da Inna ta zo da shi tun aurenta, yana cikin akwati a jikin bangon, shi ma hunhuna ta ci shi ya rududduge. Na daɗe riƙe da shi kafin in jefa a wutar. Na bar ƙofa a buɗe, ina hura garwashi a tsakiyar ɗakin kullum, har kaka ta shigo bango ya bushe ƙayau. Dattijon ya dawo, ya durƙusa ya shinshina ƙasan bango, ya ce yanzu a shafa farar ƙasa.

Sai dai kafin nan ƙanwata ta zo asibiti ta ji komai, don ni da bakina na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Yaya, Inna za ta bi ni." Mijinta ya gina wa Inna ɗakin laka da jinka, ta koma hura wutarta.

Da ɗakin ya gyaru na tafi Ngaski in dawo da ita. Na same ta a rana tana tsince wake, ta rame, in ta yi magana sai ta tsaya ta huta a tsakiya. Na durƙusa na ce ɗaki ya bushe, na saya mata sabuwar tabarma. Na ce na ga hunhunar tun farko na rufe, na ji maganarta na yi kamar ban ji ba, ta yafe mini. Ta daɗe tana juya waken a faifai. Can ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce mashi ba komi. Ki zuba mashi tuwo, ya rame." Zancen komawa kuwa ba ta taɓa shi ba, ni ma ban iya sake tayar da shi ba.

Ƙirjin nan bai sake komawa daidai ba. Duk damina sai ya tashi, kuma a ta uku ya tafi da ita. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa mini, ƙanwata ma ta faɗa. Amma na san kuma abin da hannuna ya yi, ba na haɗa biyun in ɓoye ɗaya a bayan ɗaya. Na yi shekara biyu ni kaɗai a gidan kafin in yi aure. In na dawo daga gona nakan zauna a ƙofar ɗakin, busasshe, fari, iska tana shiga tana fita, ba kowa a ciki.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Laima a ɗaki ba ƙazantar ido kawai ba ce, cuta ce, kuma abin da aka rufe don gudun kunya yana nan yana aikinsa a kan wanda ya fi kowa rauni a gidan. Tsofaffinmu da yawa ba za su buɗe baki su ce ana cutar da su ba, musamman in mai cutar ɗansu ne. Don haka in kana da tsoho a gida, kada ka tsaya daga bakin ƙofa ka tambaye shi lafiya, zai ce maka lafiya lau. Ka shiga, ka ɗaga tabarmarsa, ka taɓa bangonsa, ka sa kanka inda yake sa nasa. Ka yi haka tun yana nan.